Zaman natsuwa da rungumar hali: ina gaskiyar batun farin ciki mai ɗorewa?

A watan Disamban 2024 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya ware ranar 21 ga Disamba ta kowace shekara domin wani abu da akan fassara da Hausa a matsayin "zuzzurfan tunani". Indiya da Siri Lanka da Nepal na cikin ƙasashen da suka gabatar da ƙudirin. Wanda ya ji labarin da wannan fassara yana da hujjar ɗaure kai, domin a wurin Bahaushe tunani in ya yi yawa ciwo ne. In aka ga mutum ya rame, ko jininsa ya hau, sai a ce "tunani ne ya yi masa yawa". To yaya kuma za a ware rana guda a ce mutane su zurfafa shi?

Fassarar ce ta karkace. Abin da ake nufi kusan kishiyar haka ne: horar da hankali ya daina bin kowane tunani da ya gifta. Shi ya sa a nan za a kira shi zaman natsuwa. Tare da shi ake tallata wani abu na biyu, wato rungumar hali, kuma manhajojin waya da masu wa'azin gyaran rayuwa a intanet suna cewa waɗannan biyun su ne mabuɗin farin cikin da ba ya ƙarewa. Akwai gaskiya a maganar, akwai kuma ƙarin gishiri, kuma raba su yana buƙatar a fara da ma'anar kalmomin.

Me ake nufi da kalmomin

Zaman natsuwa iri-iri ne. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne mutum ya zauna shiru, ya ɗora hankalinsa kan shigar numfashi da fitarsa. Ba a minti guda hankalin zai tsere zuwa kuɗin haya, ko maganar da wani ya faɗa jiya. Aikin shi ne ya lura hankalin ya tafi, ya dawo da shi ba tare da ya zargi kansa ba, ya sake, ya kuma sake. Wannan dawowar ita ce atisayen. Masu koyarwa kan jaddada cewa ba a neman kai ya zama fanko, domin hakan ba ya yiwuwa. Akwai nau'in da ake bin sassan jiki da hankali daga ƙafa zuwa ka, akwai na maimaita kalma guda, akwai na yi wa kai da sauran mutane fatan alheri a zuci.

Rungumar hali, a bakin masana halayyar ɗan Adam, tana da ma'ana ƙuntatacciya. Ita ce mutum ya yarda cewa abin da yake ji a ransa yanzu yana nan, tsoro ne ko baƙin ciki ko haushi, ya bar kokawar korarsa. Ba ta nufin ya so abin, ba ta kuma nufin ya yarda da dalilin da ya jawo shi.

Farin ciki kuwa shi ya fi rikitarwa, domin masu bincike suna auna abubuwa daban-daban da suna ɗaya. Akwai murna, irin ta ranar suna ko ranar da albashi ya shigo. Akwai gamsuwa da rayuwa gaba ɗaya, wadda rahoton farin ciki na duniya ke aunawa ta hanyar tambayar mutum ya ba rayuwarsa maki daga 0 zuwa 10, kuma ƙasar Finland ke kan gaba a wannan ma'auni tun 2018. Sannan akwai abin da Hausa ta riga ta ba suna mai kyau, kwanciyar hankali. Mutum zai iya zama cikin makoki, babu murna ko kaɗan, amma hankalinsa kwance. Yawancin gardamar da ake yi ta samo asali ne daga cakuɗa waɗannan ukun.

Daga haikali zuwa asibiti

Salon da ake yaɗawa yau ya samo tushe daga koyarwar Buddha, wanda ya rayu a arewacin Indiya ƙarni biyar ko kusa da haka kafin haihuwar Annabi Isa. A cikin tsoffin nassosin mabiyansa akwai misalin kibau biyu. Kibiya ta farko ita ce ciwon da duniya ta harbo wa mutum: rashin lafiya, asara, mutuwar masoyi. Ta biyu ita ce wadda mutum ke ƙara wa kansa: "me ya sa ni", "da na sani", "yanzu shi ke nan na shiga uku". Ta farko ba ta da makawa. Ta biyu ce ake cewa horo yana iya rage ta.

Wanda ya ɗauko abin ya kai shi asibiti shi ne Jon Kabat-Zinn, masanin kimiyya ɗan Amurka, a 1979, a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts. Ya cire kalmomin addini da al'adun ibada, ya tsara shiri na mako takwas ga masu fama da ciwon da ya ƙi jin magani: zama ɗaya na kusan awa biyu da rabi a mako, da atisayen minti 45 a gida kullum. Daga baya wasu masana uku, Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale, suka haɗa shirin da dabarun maganin damuwa ta hanyar tattaunawa, kuma a 2004 hukumar da ke tantance hanyoyin jinya a Ingila ta amince da shi ga waɗanda ciwon damuwa ya sha kamawa yana dawowa. A gefe guda kuma Steven Hayes, tun cikin shekarun 1980, ya gina wata hanyar jinya da ta ɗora ginshiƙinta kan rungumar abin da ake ji, tare da ci gaba da aikata abin da mutum ya ɗauka da muhimmanci a rayuwarsa.

Dalilin da murna ba ta zama

Hujjar masu wannan ra'ayi ta fara ne daga sabo. A 1978 Philip Brickman da abokan aikinsa sun yi hira da mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a cacar tikiti ta jihar Illinois, da wasu 29 da haɗari ya shanye musu jiki. Waɗanda suka ci kuɗin ba su fi maƙwabtansu farin ciki da wani abin a zo a gani ba, kuma ƙananan abubuwan jin daɗi na yau da kullum, irin karin kumallo da hira da aboki, sun rage musu armashi. Kowa ya san wannan a aikace. Sabuwar waya mako biyu take sabuwa. Wanda ya yi shekara yana mafarkin babur, da ya samu sai idonsa ya koma kan mota.

Sai dai an sha faɗin wannan bincike fiye da yadda yake. Mutanen da aka tambaya kaɗan ne, kuma waɗanda suka nakasa sun ba kansu maki ƙasa da na sauran, ko da yake bai yi ƙasa yadda aka zata ba. Daga baya Richard Lucas ya bi bayanan dubban Jamusawa na tsawon shekaru, ya gano cewa akwai abubuwan da mutane ba sa gama sabawa da su. Rasa aiki na cikinsu: ko bayan an sami wani aikin, gamsuwar mutum ba ta cika komawa inda take ba. Nakasa mai tsanani ma haka. Wato sabo yana cinye murnar samu da sauri fiye da yadda yake warkar da zafin wasu asarori.

Hujja ta biyu ita ce yawon hankali. A 2010 Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Jami'ar Harvard sun riƙa aika wa mutum 2,250 tambaya ta waya a lokuta daban-daban: me kake yi, me kake tunani, yaya kake ji? Kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan, hankalin mutum ba ya kan abin da yake yi, kuma a irin waɗannan lokuta sun fi bayyana rashin jin daɗi.

Ta uku ita ce ta fi shafar rungumar hali. A 1987 Daniel Wegner ya ce wa ɗalibai su yi minti biyar kada su tuna wata farar dabba ta yankin ƙanƙara, su kaɗa ƙararrawa duk sa'ad da ta faɗo musu a rai. Ƙararrawa ta yi ta ƙara. Da aka sake su kuma, sai suka fi waɗanda ba a hana ba tunaninta. Duk wanda ya taɓa kwanciya yana umartar kansa da ya yi barci ya san yadda abin yake. A 2011 Iris Mauss da abokan aikinta sun nuna wani abu makamancin haka game da farin cikin kansa: waɗanda suka fi ɗaukarsa a matsayin abin da dole su samu sukan fi jin takaici, musamman a lokacin da komai ke tafiya daidai, domin suna ta auna kansu suna ganin bai kai ba.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

A nan ne ya kamata a tsaya, domin nan talla da sakamako suka raba hanya. A 2014 wata tawaga a Jami'ar Johns Hopkins ƙarƙashin Madhav Goyal ta tattara gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 3,515. Sun sami shaida matsakaiciya cewa zaman natsuwa yana rage fargaba da damuwa da raɗaɗin ciwo. Amma ba su sami shaidar kirki cewa yana ƙara walwala ba, kuma ba su ga ya fi sauran hanyoyin da aka gwada shi da su ba, irin motsa jiki ko magani. Wannan bambanci na da nauyi. Rage nauyin da ke kan zuciya daban, zuba mata murna daban, kuma na farkon ne bincike ya fi tabbatarwa.

Inda ya fi nuna ƙarfi shi ne wajen hana ciwon damuwa dawowa. A wani gwaji da aka wallafa a mujallar Lancet a 2015, an raba mutum 424 a Ingila gida biyu: wasu suka ci gaba da shan maganinsu, wasu suka yi shirin mako takwas tare da rage maganin a hankali bisa kulawar likita. Cikin shekara biyu ciwon ya dawo wa kashi 44 cikin 100 na masu atisaye, da kashi 47 na masu magani. Kusan kunnen doki. A 2022 Elizabeth Hoge ta Jami'ar Georgetown ta gwada shirin da wani sanannen maganin fargaba a kan mutum 276, sakamakon ya zo kusan ɗaya bayan mako takwas. A lura da abu biyu: a duka gwaje-gwajen matsalar ba ta gushe gaba ɗaya ba, kuma waɗanda suka amfana sun yi aiki ne na awanni da dama tare da malami, abin da ya sha bamban da sauraron minti biyar a manhaja kafin barci.

Akwai kuma inda abin ya faɗi warwas. Masana daga Oxford da wasu jami'o'in Birtaniya sun koyar da shi ga ɗalibai sama da 8,000 masu shekara 11 zuwa 14 a makarantu fiye da 80. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna bai fi darussan da aka saba ba wajen kare lafiyar ƙwaƙwalwar yaran. Akasarinsu ba su yi atisayen a gida ba, da yawa sun ce yana gundurarsu. Wasu daga cikin masu binciken su ne manyan masu goyon bayan wannan hanya, kuma sun wallafa sakamakon yadda ya zo.

Masu suka

Suka ta farko ta lafiya ce. Willoughby Britton ta Jami'ar Brown ta tattara bayanan mutanen da zaman natsuwa ya jefa cikin firgita, ko rashin barci, ko jin kamar sun rabu da jikinsu, ko dawowar tunanin wani mummunan abu da ya taɓa faruwa da su. An fi ganin haka a zaman kwana da kwanaki na shiru, da kuma wurin waɗanda suka taɓa shiga tashin hankali mai tsanani. Ga wanda ya tsira daga hari ko garkuwa, rufe ido a zauna shiru na iya zama buɗe ƙofar abin da yake gudu.

Suka ta biyu ta siyasa ce. Manyan kamfanoni a Amurka da Turai sun rungumi abin suna koya wa ma'aikata, masu suka kuma suka ce wannan dabara ce ta mayar da matsalar wurin aiki ta zama matsalar ƙwaƙwalwar ma'aikaci: an ƙara masa aiki, an hana shi ƙarin albashi, sannan an ce ya koyi numfashi. Masu kare shirin sun amsa cewa laifin na mai amfani da shi ne ta wannan hanya, kuma wanda hankalinsa ya natsu ya fi iya tsayawa ya nemi haƙƙinsa.

Abin da ba a cika jayayya a kai ba shi ne cewa halin rayuwa yana da nasa kaso. A yammacin Kenya, Johannes Haushofer da Jeremy Shapiro sun bi gidajen talakawa da aka tura wa kuɗi kai tsaye ba tare da sharaɗi ba, suka wallafa a 2016 cewa damuwarsu ta ragu, gamsuwarsu da rayuwa ta ƙaru. Binciken Harvard da ke bin rayuwar mutane tun 1938 kuwa ya fi nuna muhimmancin ingancin zumunci da zaman tare. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zaman natsuwa ke maye gurbinsa.

Tambayar addini

Ga Musulmi ko Kirista tambayar farko ita ce ko abin ya halatta. Ra'ayoyi sun kasu. Wasu malamai suna duba asali: abu ne da ya fito daga ibadar mabiya Buddha da Hindu, kuma cire masa suna bai canja tushensa ba. A 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yin yoga, wani atisayen motsa jiki da numfashi mai asali daga Indiya, saboda abin da ke cikinta na ambaton ibadar Hindu, kuma fadar Vatican a wata wasiƙa ta 1989 ta ja hankalin mabiyanta kan cakuɗa addu'a da dabarun Gabas ba tare da tantancewa ba. Wasu kuma suna duba abin da ake aikatawa: in lura da numfashi ce kawai, babu kiran wani abin bauta, babu aƙida, to tamkar gashin ƙashi ne ko motsa jiki da likita ya ba da shawara.

Ra'ayi na uku yana cewa ba a rasa irinsa a gida ba. Alƙur'ani, a Suratur Ra'ad aya ta 28, ya ce da ambaton Allah zukata ke natsuwa. Imam Ghazali ya yi dogon bayani kan muraƙaba da muhasaba da tafakkuri. Marigayi Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Sudan, ya yi rubutu kan tafakkuri yana kwatanta shi da dabarun zamani. Lazimin safe da yamma na 'yan Tijjaniyya, da wuridin Ƙadiriyya, da azkar ɗin safiya da maraice da waɗanda ba sa bin ɗariƙa ke karantawa, duk suna da zama, da maimaitawa, da dawo da hankali in ya tsere. Amma masu wannan ra'ayi da kansu sukan yi gargaɗin kada a ce abu ɗaya ne. Mai zikiri yana fuskantar Ubangijinsa ne, natsuwar da ya samu riba ce a kan hanya. Shirin asibiti kuwa natsuwar ce kaɗai abin nemansa.

Rungumar hali da "yi haƙuri"

Nan ne mai karatu Bahaushe ya fi saurin cewa ai mun san wannan, haƙuri ne da yarda da ƙaddara. Akwai kusanci ƙwarai. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa wadata ba yawan dukiya ba ce, wadatar zuci ce, ya yi daidai da abin da binciken sabo ya gano. Amma yadda ake amfani da "yi haƙuri" a zaman yau da kullum sau da yawa ya saɓa wa abin da masana halayyar ɗan Adam ke nufi, ta fuska biyu.

Ta farko, haƙurin da ake cewa a yi yakan zama haɗiyewa. A gidan makoki ana ce wa mutum ya daina kuka tun hawayen bai gama zubowa ba. Namiji ba ya cewa yana jin tsoro. Ciki, an ce, ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan dannewa ce, irin wadda gwajin Wegner ya nuna tana dawo da abin da ƙarfi. Rungumar hali tana cewa mutum ya kira abin da sunansa, ko da a ransa ne: ina cikin baƙin ciki, ƙirjina ya yi nauyi, kuma hakan bai sa na zama mai raunin imani ba. Masu wannan fahimta a cikin malamai sukan kafa hujja da hawayen Manzon Allah (SAW) ranar rasuwar ɗansa Ibrahim.

Ta biyu, ana amfani da haƙuri wajen rufe bakin wanda aka zalunta. Matar da ake duka a ce ta koma ɗakinta ta yi haƙuri. Ma'aikacin da aka riƙe wa albashin wata shida a ce haka Allah ya so. A tsarin Hayes rungumar ta tsaya ne kan abin da ke cikin zuciya, kuma manufarta mutum ya sami sararin ɗaukar mataki a waje. Matar za ta yarda cewa tana tsoro, ta tafi wurin waliyyinta ko alƙali da tsoron nata, maimakon ta jira ranar da zai gushe. Tsohon masanin falsafar nan Epictetus, wanda ya taɓa zama bawa a Rum, ya raba al'amura gida biyu, abin da ke hannunka da abin da ba ya hannunka. Hadisin Tirmizi na mai raƙumi, wanda aka ce wa ya ɗaure sannan ya yi tawakkali, ya zana layin a wuri guda. Wahalar ita ce gane gefen da abu ya faɗa, kuma babu atisayen numfashi da ke yanke wa mutum wannan hukunci.

Ga talaka fa?

Gwajin da ya fi kusa da halin da mutane da yawa ke ciki a Afirka an yi shi ne a arewacin Uganda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wani shiri bisa hanyar Hayes, aka gwada shi a kan mata 694 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu. Zama biyar ne na awa bibbiyu, a rukuni na mutum 20 zuwa 30, ana kunna musu sauti da Larabcin Juba tare da littafi mai hotuna, kuma masu jagorantar zaman ba likitoci ba ne. Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna damuwarsu ta ragu fiye da ta waɗanda ba su shiga ba, kuma bayan wata uku bambancin yana nan ko da yake ya ɗan ja baya. Matan suna sansaninsu, talaucinsu bai motsa ba. Abin da ya canja shi ne yadda nauyin ke danne su.

Wannan yana da ma'ana ga wurare irin Borno da Zamfara da Diffa, inda masu buƙata suka fi likitocin ƙwaƙwalwa yawa nesa ba kusa ba, domin shiri ne mai araha da za a iya fassarawa a kunna a rediyo ko a waya. A Najeriya dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi shigar da irin wannan kulawa cikin ƙananan asibitoci, sai dai tanadi a takarda daban yake da ma'aikaci a ɗakin shan magani.

Ga mutum ɗaya da ke son gwadawa, abin da shaidar ta goyi baya bai da yawa: 'yan mintoci a kullum sun fi dogon zama sau ɗaya a wata, in atisayen ya ƙara firgici a dakata, kuma kada a bar maganin da likita ya rubuta ba tare da saninsa ba, domin ko a gwajin Ingila a hankali aka rage shi ƙarƙashin kulawa. Wanda ya yi mako biyu ko fiye ba ya barci, ba ya cin abinci, ba ya jin daɗin komai, ko tunanin kashe kansa na zo masa, ya wuce matakin manhaja. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, da na Maiduguri suna duba masu irin wannan larura a je a dawo, ba sai an kwantar da mutum ba.